Hutun da muke tilasta wa iyayenmu mata yana karya musu ƙashi

A yawancin gidajenmu, da zarar mace ta aurar da 'ya'yanta, jikoki suka fara cika tsakar gida, sai a haɗu a raba ta da duk wani abin da zai sa ta miƙe. Ta yunƙura za ta ɗauko buta, jika ya riga ta. Ta ce za ta leƙa maƙwabta barka, a ce rana ta yi zafi, ko a tare mata a-daidaita-sahu don tafiyar da ba ta kai ta minti biyar ba. "Hajiya ki zauna ki huta, ai kin yi naki." Daga zuciya mai kyau maganar take fitowa, kuma babu ɗan halak da ba ya jin daɗin ganin uwarsa a zaune ana yi mata hidima. Duk da haka, a ganina wannan hutun, yadda muke yin sa, yana cikin abubuwan da ke kai iyayenmu mata ga faɗuwa da karayar da da yawansu ba sa tashi daga ita. Hidimar da tsohuwa ta fi buƙata ita ce a taimaka mata ta ci gaba da amfani da ƙafafunta, har a koya mata motsa jiki na musamman don ƙarfin ƙafa da daidaiton tsayuwa. Kuma wannan ya wuce sha'anin cikin gida, ya kamata hukumomin lafiya su ɗauke shi a matsayin aikinsu.

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo a gurbinsa, kuma abin da ke zaburar da shi ya ƙara gini shi ne nauyin da ake ɗora wa ƙashin da kuma jan da tsoka ke yi masa. Wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana wannan tun 1892. Idan aka ɗauke nauyin, sai ginin ya ja baya, rushewar ta ci gaba. 'Yan sama-jannati da ke zama a sararin samaniya, inda jiki ba ya jin nauyin kansa, suna rasa fiye da kashi 1 cikin 100 na kaurin ƙasusuwan da ke ɗaukar jiki a kowane wata, alhali mutane ne ƙarfafa da aka tantance lafiyarsu. To ina ga tsohuwar da ke wuni a kan tabarma ɗaya daga hantsi har magariba?

Mace kuwa nata ya fi na namiji sauri. Ƙashin mutum yana kai ƙarshen ƙarfinsa ne wajen shekara 30, daga nan sai raguwa a hankali. Idan mace ta daina al'ada, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sinadarin estrojin da ke kare mata ƙashi yakan faɗi warwas, a 'yan shekarun da ke biyo baya ƙashin ya riƙa zaizayewa da gaggawa. Ba ta jin ciwo, ba ta ganin alama. Kamar azarar da gara ta ci ce, daga waje lafiya lau, sai ranar da aka jingina da ita. Gidauniyar da ke yaƙi da zaizayar ƙashi ta duniya, wadda ke jagorantar ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara don wannan cuta, ta ce mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta samu irin wannan karaya a sauran rayuwarta, namiji kuwa ɗaya cikin biyar. Wuraren da suka fi karyewa su ne wuyan hannu, da ƙashin baya, da kan ƙashin cinya inda ya shiga kwatangwalo. Tsohuwar da muke gani tana ranƙwafawa tana gajarcewa shekara bayan shekara, mu ce tsufa ne, sau da yawa ƙasusuwan bayanta ne ke lotsewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai raunin ƙashi shi kaɗai ba kasafai yake karya kwatangwalo ba, faɗuwa ce ke ƙarasa aikin. Fiye da tara cikin goma na wannan karayar faɗuwa ce sanadinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki irin namu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka kai shekara 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Wanda ya taɓa jinyar karayar kwatangwalo ya san yadda abin yake tafiya. Ta fito alwalar asuba, babu wuta, silifas ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti, ta faɗi ta gefe. Aka zo ɗaga ta, ƙafar ta ƙi takuwa, ta ɗan gajarce, tafin ya juya waje. A ce targaɗe ne, a shafa man zafi. Kwana biyu shiru, a kira mai ɗori. Ba na raina masu ɗori, mutanenmu sun daɗe suna dogara da su, amma wannan ƙashin yana can ciki ƙarƙashin tsoka mai kauri, kara da tsumma ba sa riƙe shi. Likitocin ƙashi so suke a yi tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, a miƙar da mai karayar ta fara takawa tun da wuri. Mu kuma kafin a yanke shawara, a haɗa kuɗi, a samu motar kai ta Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko wani babban asibiti, makonni sun wuce. Tana kwance a kan katifa, bayanta ya fara gyambo, tsokar cinya ta narke, tari ya kama ƙirji, ga kunyar a ce surukarta ko jikarta ce ke kawar mata da larura. Macen da take ba da umarni a gidanta ta koma ba ta son a haɗa ido da ita. Ko a ƙasashen da ake yin tiyatar nan take, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara a raye bayan wannan karayar, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya yadda suke yi a da. Idan ta rasu mu ce ajali ne, kuma haka ne, amma ajalin da ya zo da sanadin da za a iya rage shi.

Ana iya rage shi kuwa, kuma an gwada an gani. A Jami'ar Otago da ke Niyu Zilan, Farfesa John Campbell da Dakta Clare Robertson sun tsara wani motsa jiki da ake yi a cikin gida, suka fara gwada shi a kan mata 'yan shekara 80 zuwa sama, aka wallafa sakamakon farko a 1997. Da aka haɗa gwaje-gwaje huɗu da suka ƙunshi tsofaffi fiye da 1,000, an ga faɗuwa da raunukan da take jawowa sun ragu da kashi 35 cikin 100. Waɗanda suka fi cin moriya kuma su ne waɗanda suka haura 80, wato waɗanda mu za mu ce sun wuce a dame su. A 2019 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 108 da aka yi a kan mutum fiye da 23,000, ta samu cewa motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kusan kashi 23 cikin 100, idan kuma aka haɗa na daidaiton tsayuwa da na ƙarfafa tsoka raguwar tana kai wa kusan kashi 34. Da a ce wata ƙwaya ce ke yin wannan aikin, da tuni 'ya'ya sun cika kemis suna saya wa iyayensu ko nawa take.

Abin da ake yi ɗin bai fi ƙarfin kowane gida ba. A samo kujera mai ƙarfi, wadda ba ta roba mai zamewa ba, a jingina ta da bango. Hajiya ta zauna a bakinta, tafin ƙafafu a ƙasa sosai, ta ɗan matso da ƙirji gaba, ta miƙe tsaye, sannan ta koma ta zauna a hankali ba tare da ta saki jiki ta faɗa ba. Farko za ta dafa hannun kujera da hannu biyu, bayan 'yan makonni da hannu ɗaya, daga baya ta harɗe hannuwa a ƙirji ta tashi da ƙarfin cinya kawai. Sau biyar, har ta kai sau goma. Sai ta tsaya ta dafa bango ko ƙarfen taga, ta ɗaga duga-dugai ta tsaya a kan yatsu, ta sauke. Ta ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gefe, ta mayar. Ta sa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, diddige na taɓa yatsu, ta tsaya ana ƙirga mata zuwa goma. Ta yi tafiyar gefe-gefe a jikin katanga, ta yi ta baya-baya tana dafe, ta tsaya da ƙafa ɗaya jika na kusa da ita. A tsarin Otago ana ɗaura ɗan nauyi a idon sawu, kuma ƙaramar jakar yashi da aka ɗinka da kyau za ta yi wannan aikin. Rabin awa, sau uku a mako, ga kuma tafiya a ƙasa sau biyu. Sirrin shi ne a riƙa ƙara wahalar kaɗan-kaɗan, domin idan jiki ya saba da abu ya daina ƙaruwa da shi, kuma idan aka daina yi amfanin yakan zube cikin 'yan watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idojin da ta fitar a 2020 ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya yi irin wannan motsin na daidaito da ƙarfi aƙalla kwana uku a mako, tare da minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a kowane mako.

Na san abin da wani zai ce. Iyayenmu na ƙauye ai ba su zauna ba, daka da surfe da ɗiban ruwa da itace ba su bar su ba, amma su ma suna karyewa. Gaskiya ne, kuma ba na cewa wahala magani ce. Aikin gida yana ba da ƙarfi ta wani gefe ya bar wani. Macen da ta shekara hamsin tana shara da guntuwar tsintsiya a sunkuye, tana wanki a duƙe, tana ɗaga tukunya daga murhu da lanƙwasasshen baya, ta saba wa ƙashin bayanta da irin nauyin da ya fi cutar da shi idan ya fara zaizaya. Tun 1984 wani bincike a asibitin Mayo na Amurka ya nuna cewa matan da ke da wannan cuta da aka sa su motsin lanƙwasa baya zuwa gaba sun fi samun sabuwar karayar baya nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da waɗanda aka sa su motsin miƙar da baya. Ga kuma abinci. A Jos, binciken da aka wallafa a 1999 kan yara masu lanƙwasassun ƙafafu ya gano cewa ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, shi ne babbar matsalarsu. Yarinyar da ta tashi da ƙarancin wannan sinadari ta shiga girma da ɗan guzuri kaɗan. Nono da kindirmo da kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna da shi, kuma tsohuwa ta fi cancanta a zuba mata su fiye da lemon kwalba da muke kai mata tsaraba. Haka ita ma tafiya a ƙasa, tana da amfani ga zuciya da suga da hawan jini, amma bincike bai nuna cewa ita kaɗai tana rage faɗuwa ba. Dole sai an horar da ƙafa a kan tsayuwa da gangan.

Shi kansa kaurin ƙashin ana iya taɓa shi, ko da yake wannan ya fi wuya. A Jami'ar Griffith da ke Ostireliya, Farfesa Belinda Beck da abokan aikinta sun ɗauki mata 101 da suka daina al'ada kuma ƙashinsu ya yi rauni, suka sa rabinsu ɗaga ƙarfe mai nauyi na rabin awa sau biyu a mako har wata takwas, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Kaurin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, na sauran kuma ya ragu da sama da kashi 1. Ba ina cewa a miƙa wa Gwaggo ƙarfe a tsakar gida ba, wannan sai da mai koyarwa a tsaye. Na kawo shi ne don masu shekara 45 zuwa 60 su ji, matan da yanzu ne ƙashinsu ke gudu, da yawansu ma'aikata ne ko 'yan kasuwa da ke wuni a zaune. Su ne suka fi kowa damar yin wani abu tun kafin a kai ga kujera da bango.

Babban shingen da nake gani shi ne kunya. Dattijuwa ba za ta so surukai su gan ta tana ɗaga ƙafa ba, kada a ce tsohuwa ta koma yarinya. Wannan kunyar ba ta da tushe a addini. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta riga shi, daga baya da jikinta ya yi nauyi suka sake, ya riga ta. Kuma motsin da nake magana a kai ba ya buƙatar fita ko sauya tufafi, a ɗaka ake yin sa da zane da ɗankwali.

Akwai kuma batun salla a kan kujera, wanda zan faɗa da taka-tsantsan. Sauƙin da shari'a ta yi a bayyane yake a hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito: a yi salla a tsaye, idan ba a iya ba a zaune, idan ba a iya ba a kishingiɗe. Wadda gwiwa ko baya suka hana, babu mai cewa ta matsa wa kanta. Abin da ke damuna shi ne 'ya'yan da ke saurin kawo kujera da zarar uwa ta ce gwiwa ta ɗan yi tsami, ba tare da an kai ta an duba ba. Tsayuwa da sauka ƙasa da tashi sau da yawa a rana shi ne kusan motsin ƙarshe da ya rage wa tsofaffi da yawa a birni. Wadda ta daɗe da barin sa, tana iya kasa tashi daga ƙasa da kanta, kuma wadda ba ta iya tashi daga ƙasa idan ta faɗi a banɗaki nan za ta kwanta har sai wani ya ji muryarta. A fara kai ta wajen likitan gashin ƙashi ya ga ko ƙarfafa cinya zai rage ciwon, kujerar tana nan ba za ta gudu ba.

Gidan ma sai an gyara shi. Mun gina wa iyaye ɗaki mai tayil mai sheƙi don mu faranta musu, ruwa kaɗan ya zuba ya zama tarko. A sa ƙarfen dafawa a banɗaki, a shimfiɗa abin da ba ya zamewa a wurin alwala, a ajiye fitila mai caji kusa da gado, a raba ta da silifas ɗin da ya cinye. A kai ta a duba ido, don yanar ido tana ɓoye dakali da rami, kuma cire ta aiki ne da ake yi a asibitocinmu. A tattara duk magungunan da take sha a leda a nuna wa likita. Na barci suna sa jiri, na hawan jini wani lokaci suna sa duhun ido idan an miƙe da sauri. Mafi muni su ne haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙulla wa mutane a kemis, waɗanda akan sa musu irin su deksametason da firednisolon. Suna kwantar da ciwo nan take, shi ya sa tsofaffi ke yaba su, amma shan su wata da watanni yana cinye ƙashi. 'Yan matan da ke shan irinsu don su yi ƙiba su ma su sani cewa ƙashin tsufansu suke ci tun yanzu. Wadda ta taɓa karyewa daga ɗan tuntuɓe, ko take da ciwon zuciya, ko take yawan jin jiri, kada a fara mata komai sai likita ya gan ta, domin mai yiwuwa tana buƙatar maganin zaizayar ƙashi tare da motsin, kuma motsa jiki ba ya maye gurbin wannan maganin.

Inda nake ganin an bar mu a baya shi ne wajen hukuma. Asibitocin matakin farko a Najeriya sun kai kimanin 30,000, kuma kusan duk abin da ake yi wa mace a cikinsu ya tsaya ne a awon ciki da haihuwa da rigakafin yara. Daga ranar da ta daina haihuwa sai ta ɓace daga tsarin, sai dai idan ta zo da hawan jini. Na'urar auna kaurin ƙashi ba ta da yawa a ƙasar nan, kuma ba na jin jiran ta shi ne mafita. Tambaya ɗaya, "Mama, kin faɗi a bana?", da kallon yadda take tashi daga kujera ta yi 'yan taku ta dawo, sun isa su nuna wa ma'aikaciyar lafiya wadda ke cikin haɗari. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa a 2018, Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashin ƙashi, ga makarantun koyar da ma'aikatan lafiya a kowace jiha. Kayan aikin suna nan, haɗa su ne ba a yi ba. A gwaje-gwajen Otago an nuna cewa ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya koyar da shirin, ba lallai sai ƙwararren likita ba.

Da ni ce ke da ta cewa a ma'aikatar lafiya ta jiha, da ajin Islamiyyar manyan mata zan fara. A unguwanni da yawa akwai ajin da dattijai mata ke haɗuwa da safe ko bayan la'asar, wuri ne na mata zalla, sun san juna, malamarsu tana da kima a idonsu. Likitan gashin ƙashi mace guda ɗaya za ta iya horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙaramar hukuma cikin 'yan kwanaki, su kuma su riƙa zuwa ajin sau ɗaya a mako, minti ashirin kafin a tashi, a yi tashi-zauna a kan benci a yi tsayuwa a jikin bango, kowace ta koma gida ta yi sauran kwana biyun tare da jikarta. Ƙungiyoyin zumuntar mata na coci za su iya yin haka a nasu wurin. Gidajen rediyon da tsofaffi ke saurara su ware minti goma bayan labaran safe, a riƙa ƙirga musu motsin da Hausa a hankali. Kowane asibitin matakin farko kuma ya buɗe littafin rubuta tsofaffin da suka faɗi, da inda suka faɗi, da abin da ya karye, don bayan shekara biyu a duba a ga ko ƙananan hukumomin da aka fara da su sun samu sauƙi, sannan a faɗaɗa zuwa sauran.